Zuwa Mirriya Kan Maganar Tukunyar Kaka

Tun da na dawo ba wadda ta gan ni ba ta tare ni da "Zulai, ya Nijar?" ba. A bakin famfo, a kasuwar Taminus, har a gidan gaisuwa sai da aka ja ni gefe. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa tana ƙara nata. Jiya aka ce mini wai raƙumi na hau daga boda. Ban hau raƙumi ba. Ga yadda aka yi. Wadda ta karanta ta tura wa 'yar'uwarta, a bar ni in huta.

Ba yawo na je ba, don haka sai na fara da dalili.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu Dilimi ta Jos ya san ruwan hanon kakata, wadda ake ce wa Hajiya 'Yar Damagaram. Hano bishiya ce ta kan dutse, idan aka sassare ta sai ta fitar da ƙaro mai ƙamshi, irin wanda ake zubawa a garwashi. Kaka kuwa ruwa take fitarwa daga ƙaron nan, garau, mai yaji a hanci. Mai tari ya sha cokali, mai ciwon haƙori ya kurkure baki, mai jego a ɗiga mata a ruwan wanka. Sai ya yi watanni a kwalba bai canza ba. Ranar haɗi ɗakin girki take shiga ta rufo ƙofa, ba mai binta. Duk sanda Mama ta ce ta koya mata sai ta ce da sauran lokaci. Ana haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama bakinta, ta rasu ba ta koya wa kowa ba.

Mama ta gwada. Ta daka ƙaro ta jiƙa a ruwa kamar yadda kowa ke yin jiƙo. Ruwan ya yi fari kamar tsinkakken nono, ƙaron ya dunƙule a gindin kwalba, ba a jima ba ya yi tsami. Ta gwada da ruwan zafi, ta gwada da zuma, duk ɗaya. Ƙarshe ta je Taminus wajen Maman Blessing, 'yar Tudun Wada mai sayar da saiwoyi a kwalabe, ta tambaye ta. Matar nan da zuciya ɗaya ta ce, "Hajiya, wannan abu ba ya narke a ruwa. Mu ogogoro muke sa shi, shi ne yana fita fes." Ogogoro kuwa giya ce mai ƙarfi, kuma a gaban mutane ta faɗa.

Kafin Mama ta iso gida maganar ta riga ta. Sai ga maƙwabciyarmu Hajiya Talatu ta tuna wai ta taɓa leƙa tagar Kaka, ta ga tukunya a kan wuta an liƙe bakinta, da tasa a sama, ga wani ƙamshi mai hawa kai. "Ni dai ban ce komai ba," in ji ta, "amma na taɓa wucewa ta inda ake dafa ogogoro, kuma haka na ga tukunyarsu." Shi ke nan. Matar da ta yi shekaru tana ba unguwa magani ta koma wadda ta shayar da Musulmi giya, har da waɗanda suka sha a buɗa-baki. Mama ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Zulai, idan kuma gaskiya ne fa?"

Kaka tana da ƙanwa ɗaya da ta rage, Kaka Habsu, a Mirriya, gaba da Damagaram kaɗan. An kira ta ta wayar maƙwabci, ta ce wannan ba maganar waya ba ce. Gwiwar Mama ba ta ɗaukar doguwar mota. Na ce ni zan je.

Aka haɗa ni da Kawu Sale, ƙanin Mama, dillalin dankalin Turawa a Farin Gada, don ya saba kai kaya can. Wanda bai san Kawu ba, mutum ne da idan ya tsaya gaisawa da kai sai ya tambayi lafiyar akuyarka. Ya ɗauko buhun dankali na tsaraba. Muka hau motar Kano a tashar Bauchi Road da sassafe, ana yayyafi, ni da suwaita da safa. Kafin Saminaka na cire safar. Kafin Kano na fara tunanin wa zan ba suwaitar sadaka.

Ba mu ko bar Jos sosai ba wani tsoho ya tambayi Kawu ina muka nufa. Ni da na ce Kano na yi shiru. Kawu kuwa ya gyara zama ya zazzage musu komai, tun daga tukunya har tagar Hajiya Talatu. Ina mintsininsa yana matsawa. Mota ta ɗauka. Wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota ya juyo daga gaba ya ce, "Sista, ka yi haƙuri, amma ƙaro sai ogogoro. Babana ma haka yana yi." Wata ɗalibar aikin jinya ta ce haka aka koya musu su ma, akwai abin da ruwa ba ya narkarwa. Wani malami a bayanmu ya ce idan shafawa ake yi akwai maganganun malamai, idan kuwa sha ne babu. Tsohon da ya fara tambayar ya ce shi dai ya san tsofaffin da, suna da abubuwa. Na ce, "Baba, waɗanne abubuwa?" Ya ce abubuwa dai. Ba wanda ya goyi bayan Kaka da hujja a motar nan. Da muka shiga dajin Falgore kowa ya yi tsit, direba ya take mota, birai na zaune a bakin titi suna kallonmu. Ni ban ji tsoron dajin ba. Tambayar Mama nake ta tunani.

A Kano muka kwana gidan abokin Kawu. Ba abin da zan ce sai zafi da sauro. Matar gidan ta ga ina fifita da murfin kwano ta ce, "'Yar Jos ce ko? Ai yau da sauƙi, an yi ruwa shekaranjiya."

Washegari muka bi ta Daura zuwa Kongolam. Ni a tunanina boda wata katanga ce mai ƙofar ƙarfe. Sai na tarar da sanda a gicciye, da rumfuna, da masu canji suna bin mutane da damin kuɗi a hannu kamar masu tallan goro. Wata mata ta wuce mu da fartanya a kafaɗa da akuya a baya, ba wanda ya ce mata uffan. Na tambaya, aka ce gidanta na wannan ƙasa, gonarta na waccan. Kullum sai ta fita ƙasar waje ta dawo kafin azahar.

Mu kam an tsayar da mu. A ɓangaren can wani jami'i siriri ya karɓi katina da na rigakafi, yana mini Hausa tsantsa yana rubutu da Faransanci.

"Dalilin tahiya?" Su can haka suke yi, fa ɗinmu ta koma ha.

Na ce, "Tambaya zan yi wa kakata."

"Tambaya guda?"

"Guda ɗaya."

Ya ajiye biro ya dube ni. "Waya ta ƙare a Najeriya?"

Na ce ta ce ba maganar waya ba ce. Ya gyaɗa kai kamar wannan ita ce amsar da ta fi kowace ma'ana a ranar, ya miƙo mini katin. "Tsohuwa ta hi mu gaskiya. Ki gaishe ta."

Ina juyowa na ga Kawu ya kwance bakin buhu. Ba wanda ya roƙe shi. Duk wanda ya ce "A'a, na Jos ne?" sai ya cika masa hannu. Mai canji ya samu, mai shayi ya samu, matar da ke sayar da ruwa ta samu. Na ce, "Kawu, buhun za mu kai wa Kaka Habsu ko dankalin?" Ya ce, "Zulai, hanya ake gyarawa." Muna tsallakawa wayata ta ɗauke sabis, ta koma agogo da tocila.

A Matamaye motar ta tsaya wai a ci abinci. Nan na fara cin kwabto, zogale ne dafaffe da ƙuli da albasa, kusan kwaɗonmu sai dai sun fi mu sakin hannu da yaji. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi, a hammata ake ɗaukarsa ba leda. Sai shayi. Aka miƙo mini wani ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsana ba, rabinsa kumfa. Na kurɓe gaba ɗaya na miƙa kofin na tashi. Ashe na farko ke nan. Akwai na biyu, akwai na uku, kowanne sai an sake dafawa a kan 'yan garwashi, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa ana mayarwa. Direbanmu yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafa. Fasinja ba wanda ya damu. A Jos da tuni an fara dukan jikin mota ana kiran oga direba. Na je na tsaya a kansa na ce, "Malam, yau za mu tafi kuwa?" Ya ɗago a hankali ya ce, "'Yar Najeriya, wa ya biyo ki?" Duk rumfar aka yi dariya, har da Kawu, wanda yake riƙe da kofi na biyu.

A Damagaram gidan fatoman Kawu muka sauka, wato mai saukar da fatake. Aka kai ni wajen matarsa, wadda kowa ke ce wa Tanti. Abin da ya fara ba ni mamaki, da rana ta take garin mutuwa yake yi. Shago a rufe, titi ba kowa, 'yan kabu-kabu, masu acaɓarsu ke nan, suna kwance a kan baburansu a inuwa. Sai la'asar a farfaɗo. Fura kuwa ba abin marmari ba ce kamar wajenmu, tana nan a ƙwarya wuni guda, tsararo, duk wanda ya wuce ya ɗaga ludayi. Da magariba na ga ana fito da katifu tsakar gida. Na ce wa Tanti baƙi za a yi? Ta ce kwanciya za a yi, wa zai kwana a ɗaki? Na ce mu a Jos da bargo biyu muke kwana, taga a rufe. Matan gidan suka kewaye ni. Da gaske ƙanƙara na faɗowa daga sama a garinku? Na ce har ta fasa gilashin mota. Da gaske akwai layin da coci ke kallon masallaci? Na ce akwai, mai gyaran takalmin da ke tsakaninsu ma na kowa ne. Wata ta ce to me ya kawo ni wannan zafin. Wannan karon ni na riga Kawu, na ce ziyara.

Mirriya garin tukwane ne. Tun daga bakin gari za ki ga randuna da tuluna jere, jajaye, an yi musu zane da fari. Muka yi sallama a wani gida mai zaure, wata 'yar tsohuwa ta fito tana dafa bango. Fuskar Kaka ce sak, har da yadda take karkatar da kai idan tana son gane mutum.

Kawu ya durƙusa ya ce, "Inna, mun same ku lafiya?" Suka shiga gaisuwa. Lahiya lau, ya gida, ya Jos, ya ruwa, ya masu jiki, ya haƙuri. Aka zagayo aka sake. Da na ga za a shiga zagaye na uku na ce, "Kaka, ni fa tambaya ce ta kawo ni."

Ta karkato kai. "Wannan ce jikar? Ƙawata, a tsaye aka haihe ki?"

Ba ta bar ni na yi tambayar ba ranar. Ita ta yi nata. Ta yaya yayarta ta cika? Wa ke kusa da ita? Wa ya yi mata wanka? Ta samu mutane? Ita Kaka Habsu ba ta sami zuwa gaisuwa ba saboda ido da ƙafa, kuma ba wanda ya zauna ya ba ta labarin a tsanake. Na ba ta abin da na sani. Da na ce layin masu sallah ya kai har bakin titi, ta rufe fuska da gefen zane ta jima. Sai na ji nauyin abin da na zo da shi, don yawancin mutanen layin nan su ne yanzu suke maganar giya.

Da safe ta zube mini ƙaro a faifai ta ce in tsince ɓawo da tsakuwa. Hano ne, da ɗan ƙaron dashi mai ɗaci, wanda suke shinge da bishiyarsa. Na ce a ina ake samun hanon a nan, ban ga dutse ba. Ta ce, "Daga wajenku ake kawo shi. Duwatsun Ningi." Wato na baro ƙaron a bayan gida na zo nemansa wata ƙasa.

Ina tsinta na faɗa mata komai, ban rage ba. Maman Blessing, taga, Hajiya Talatu, da tambayar Mama. Sannan na ce, "Kaka, ki gaya mini gaskiya ko ba daɗi. Giya take sawa?"

Ba ta yi salati ba, ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Me maƙwabciyar ta gani?" Na sake faɗa. Ta ce, "To ta gani daidai. Tashi ki ɗebo ruwa a randa. Ke za ki ɗebo, kada ki ce na sa wani abu."

Muka shiga ɗakin girki ta ce in rufo ƙofa. Ga abin da aka yi, da hannuna. Na daka ƙaron sama-sama na zuba a babbar tukunyar ƙasa, na zuba ruwa bai kai rabi ba. Ta sa na ajiye wani dutse mai faɗi a tsakiyar tukunyar, kansa ya fito saman ruwan, na ɗora ƙaramin kwano wanda ba komai a cikinsa. Sannan aka kawo tasa mai zurfi aka zaunar da gindinta a bakin tukunyar, aka liƙe gefen da tsumma da ƙullun gero yadda tururi ba zai fita ba. Aka cika tasar da ruwan sanyi. Wuta kuwa 'yan garwashi ne, kamar na masu shayin Matamaye.

Na ce, "Sai me?"

"Sai zama. Ki riƙa sa yatsa a tasa. In ruwan ya yi ɗumi ki kwashe ki zuba mai sanyi."

Na ce ban gane ba, yaushe ƙaron zai narke? Ta ce wa ya ce miki narkewa zai yi? Ƙaro ba ya narkewa a ruwa, matar Taminus ba ta yi ƙarya ba. Ƙamshinsa da ƙarfinsa ne ke bin tururi su hau sama, su bugi gindin tasa mai sanyi, su koma ruwa, su ɗiga cikin kwanon. Shi ake nema. Abin da ya rage a tukunya a shanya a yi turare da shi.

"To ai haka masu ogogoro suke yi," na ce.

"Wataƙila. Ban taɓa ganinsu ba. Amma giya sai abu ya kwana ya ruɓe ya yi tsami kahin a dahwa. Me ya kwana a nan? Ruwan da kika ɗebo ɗazu?"

Na zauna. Zafin ɗakin nan ba a magana, ga ƙofa a rufe. Na sa yatsa, na kwashe, na zuba. Na kasa kunne ban ji komai ba. Da Kaka Habsu ta fita alwala na ce wannan wutar ba za ta kai mu ko'ina ba, na ƙara gawayi na kama fifita. Tukunya ta fara ƙugi, na ji daɗi. Sai ƙullun gefe ya tsage, tururi ya yi fito, ɗaki ya cika da ƙauri. Da aka buɗe, ƙaron ya yi kumfa ya hau ya malale cikin kwanon, ya zama wani abu kamar kunun da aka manta. Ta leƙa, ta dube ni.

"Yaya ma ta yi haka," in ji ta. "Sau biyu. Kakarmu ta kore ta daga ɗakin. Ke na ga sau ɗaya zai ishe ki, don ke za ki kankare tukunyar."

Na wuni ina kankarar ƙaro. Wanda bai taɓa ba ba zai gane ba, har yau akwai shi a ƙarƙashin farcena.

Washegari tun da asuba muka sake, don ruwan randa ya fi sanyi a lokacin. Kaka Habsu ta ce abin da ya sa na yayarta ya fi nata ke nan. A Mirriya kana zuba ruwa yana ɗumi, a Jos kuwa ruwan rijiya kamar ƙanƙara, tururi na taɓa tasa yake saukowa. "Sanyin garinku ne ya yi mata suna." Wannan karon na naɗe hannuwana, ban taɓa wutar ba. Can, da ɗakin ya yi shiru, na ji shi. Ɗis. Aka jima. Ɗis. Da hantsi ya yi aka sauke, aka bari ta huce, aka ɓamɓare ƙullun. Ruwan da ke kwanon bai fi kofin shayi biyu irin namu ba, da ɗan maiƙo yana yawo a sama. Na kai hanci. Ɗakin girkin Kaka ne a Dilimi, ranar haɗi, muna tsakar gida muna jiran ta buɗe. Na ɗanɗana, ya yi mini yaji har ido. Ban san ina kuka ba sai da Kaka Habsu ta ce kada in ƙara masa gishiri.

Daga baya na tambaye ta ƙofar. Ta ce kakarsu ce ta koyo a Sudan, lokacin da ake zuwa Makka a ƙasa, wajen wata mata da ta sauke su. Matar ta sa ta yi alkawari, mutum ɗaya za ta koya wa a gida, kuma a bayan ƙofa. Kakar ta karya rabi ta koya wa jikoki biyu, amma ƙofa ba a taɓa barinta a buɗe ba. "Abincinmu ne. In kowa ya iya, wa zai zo wurinki? Ke ma haka za ki yi."

Na ce, "Kaka, ƙofar nan ce ta ɓata mata suna. Idan na koma na ce ruwa ne da tururi, wa zai yarda? Sai sun gani."

Ta murza carbi. Sannan ta ce, "Ni yadda na karɓa na ba ki. Ban ce ki buɗe ba." Ta ƙara murzawa. "Idona kuma ko zaure ba ya kaiwa, balle Jos."

Ta ba ni sabuwar tukunyar Mirriya. A cinya na riƙe ta tun daga can, na tsallaka boda da ita, jami'in nan siriri ya leƙa ciki ya ce amsar ke nan? Na ce ita ce. Ta wuce Daura, ta wuce Kano, ta wuce ramukan hanyar Saminaka. A Jos, mai keken da ya ɗauko mu daga tasha ya faɗa wani rami a shigar Dilimi, ta rabe biyu a hannuna. Kawu ya ce Allah ya sa iyakar abin ke nan. Ni kuwa abin da ke bakina bai dace da gaban kawu ba.

Mama ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Kin gani da idonki?" Na ce da hannuna na yi. Ta tashi ta shiga bayan ɗaki ta jawo tsohuwar tukunyar Kaka, wadda muke ajiye gawayi a ciki. Dutsen ma yana nan, da shi muke tokare ƙofar bayi ba mu sani ba.

Labari ya zaga cewa na dawo. Hajiya Talatu ta shigo sannu da zuwa, na ba ta bayani. Ta ce, "Ikon Allah. To, ai kowa ya je wata ƙasa da labari yake dawowa." Ta karɓi dabinon tsarabarta ta fita. Mama na jin ta.

Na gaya wa Mama maganar ƙofa, da alkawarin, da abin da Kaka Habsu ta ce da wanda ba ta ce ba. Ita ce ba ta da wata sana'a, ita ta san abin da ruwan nan zai zame mata idan ita kaɗai ta iya. Ranar da za mu haɗa, na shiga ɗakin girki na jera komai na tura ƙofa. Sai na ji muryar Mama daga waje.

"Fito da shi tsakar gida."

Ta aika aka kira Hajiya Talatu, da matar liman, da duk matar layinmu da ke gida. Har Maman Blessing sai da Mama ta sa aka ɗauko ta daga Taminus. Ta ce wa Hajiya Talatu, "Hajiya, ruwan gidanki nake so, ki ɗebo da kanki." Hajiya Talatun ce ta zuba, ita ta liƙe ƙullun, ita aka ba aikin sa yatsa a tasa. Mata cike da tsakar gida, ana ta hira, sai matar liman ta ce a yi shiru. Aka ji ɗis.

Da aka buɗe, Maman Blessing ta fara shinshinawa ta ce, "Wannan ba ogogoro. Ni na san ogogoro." Matar liman ta ɗanɗana ta miƙa wa Hajiya Talatu cokalin. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta ce, "Shi ne." Can ta ce, "Allah ya jiƙan Hajiya. Ni dama ban ce komai ba."

Mama ta ce, "Amin. Haka ne, ba ki ce ba."

Yanzu gida uku ake yin ruwan hano a layinmu, kuma na Hajiya Talatu ya fi fita, don ta fi mu baki. Maman Blessing ma ta ƙara kwalba ɗaya a teburinta, tana ce wa masu saye wannan na Musulmi ne. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba, ni da na kankare tukunya a zafin Mirriya. Ranar Asabar na tare Mama a zaure na ce, "Yanzu ba ki ji komai ba, kin raba wa unguwa abincinki?"

Tana gyara mayafi, da kwanon barka a hannu. Ta ce, "Na ji mana. Matsa ki ba ni hanya, na makara gidan suna."